Mai Rufi da Hadarin Yamma

Ku yaran Villeurbanne, duk Lahadin da muka haɗu shan shayi sai kun ce aikina ba wuya. A hau sama, a buga kwano, a sauko. Ruwa kuma, in ji ku, ai salula tana faɗa. To ku saurara. Ban yi lakwal ba, boko ko aji ɗaya ban shiga ba. Shekara goma sha takwas na yi a saman gidajen mutane, takwas a Paris, goma a nan Lyon. Buga kwano kowa zai iya koya. Abin da ke da wuya shi ne sanin ranar da za ka buɗe rufi da ranar da za ka ƙyale shi. Duk rufin da ka buɗe, akwai mutum a ƙarƙashinsa, da gadonsa.

Na zo Paris a farkon shekarun dubu biyu. Na sauka Aubervilliers, mu huɗu a ɗaki ɗaya, ina dakon kwalaye a manyan ɗakunan ajiyar kaya. Wani tsoho ɗan Fotugal mai suna Manuwel ya gan ni ina tafiya a kan tulin kaya ba na duba ƙasa. Ya ce in same shi ranar Litinin. Shi ne maigidana.

Shekara guda ban taɓa komai ba sai tsintsiya da igiya. In share, in jawo kaya sama, in sauke shara. A shekara ta biyu ya ba ni almakashin kwano da gudumar katako. Ba a bugun kwano da ƙarfe, tabo yake yi. A ta uku ya miƙo mini ƙarfen dalma, wanda ake gasawa a liƙe bakin kwano biyu da shi. Wanda aka ba wannan ƙarfe ya zama mutum a sana'ar. Manuwel bai yi jawabi ba. Ya ce kada in ƙona masa gida.

Ba ku san Paris ba, ku da kuka san ta daga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Daga sama wani gari ne. Kwano ruwan toka har iyakar ido, yana hawa yana sauka kamar ruwan tafki da iska ta taɓa ya tsaya a haka. Tukwanen hayaƙi jajaye a jere, sai ka ce layin masu tukwane ranar kasuwar Tasawa. Da safe ba ka jin mota, sai tattabaru da ƙararrawa daga nesa. Wani lokaci nakan manta akwai mutane a ƙasa.

Nakan yi wa Manuwel alfahari da abu ɗaya. Ubana manomi ne a wani ƙauye kusa da Tasawa, kuma ba a shuka a unguwarmu sai an ji ta bakinsa. Da la'asar yakan fito bayan gida ya tsaya yana duban gabas. In baƙi ya haɗo a can, ya ce a kwashe shanya, a ɗaure akuya. In kuwa baƙin yana yamma, ko ya kai tawada, ba ya ko ɗaga kai sau biyu. Ya ce wannan ya wuce mu, rabon mutanen gaba ne. Haka abin yake a ƙasarmu, kun sani. Hadari ta gabas yake zuwa. Na gaya wa Manuwel ni ɗan mai duban hadari ne. Ya yi dariya, bai tambaye ni ta ina muke duba ba. Ni ma ban faɗa ba. Ban san akwai abin faɗa a ciki ba.

Wani gida mai hawa shida a arewacin Paris, watan Yuli, shekarata ta uku. A ɗakin ƙarshe, dab da rufi, akwai wata tsohuwa, Madam Odil. Kullum da hantsi takan buɗe 'yar tagar rufi ta miƙo mana kofi. Ran nan mun cire tsohon kwano na gefe guda, katako yana kallon sama. Zafi ya yi nauyi, riga tana manne wa jiki. Da tsakar rana Manuwel ya tafi ɗauko sabon kwano, ya bar ni da Sisoko, wani ɗan Mali. Ya ce in na ga wani abu, in rufe da tamfol.

Na yi azahar a jikin tukunyar hayaƙi. Da na sallame na waiwaya, na ga baƙi a yamma, mai kauri, kansa fari fat. Na gan shi da idona, kada ku ce ban gani ba. Na duba gabas, shuɗi tas. Na ce wa Sisoko wannan ya wuce, na mutanen gaba ne. Ya duba shi ma, ya ce haka ne, a garinsu ma haka. Muka ci gaba da aiki, mun ba hadarin baya.

Iska ta ɗauke gaba ɗaya. Tattabaru suka ɓace. Can sai na ji sanyi a ƙeyata, kamar an buɗe firij a bayana. Kafin mu warware tamfol iska ta fizge shi daga hannunmu, ya tashi sama kamar babbar riga, ya tafi. Ruwan bai daɗe ba. Bai kai a dafa shayi a sha ba. Amma rufin a buɗe yake.

Da na sauka ɗakin Madam Odil, ruwa yana bin bango. Gado ya jiƙe, wannan ana shanya shi. Amma a saman kabad tana da kwalin hotuna. Na same ta ta ɗaura zare daga taga zuwa ƙofa tana rataye su ɗaya ɗaya. Akwai na mijinta da ya rasu. Hula tana nan, kwat tana nan, fuskar ta narke ta zama fari. Ba ta zage ni ba. Ta riƙe hoton ta gefe, ta ce, “Wannan kaɗai nake da shi yana dariya.” Ta rataye shi da sauran.

Manuwel ma bai yi faɗa ba. Ya hau da ni sama, kwano yana ta hayaƙi a rana. Ya tambaye ni ta ina ruwa yake zuwa a ƙasarmu. Na nuna masa. Ya kama kafaɗuna biyu ya juya ni, kamar ana juya tulu.

“Teku yana can,” ya ce. “Daga can yake fitowa.”

Ya karɓe ƙarfen dalma, ya mayar mini da tsintsiya. Ya ce in ruwa ya sake shiga ɗakin wani ta hannuna, in bar sana'ar, kada in jira a kore ni. Na ce na ji. Ban taɓa warware wannan magana ba.

Wannan ce muguwar shekarata. Waɗanda suka zo bayana suna liƙi, ni ina shara. Suka sa mini suna Meteyo, wato masu faɗin yanayi a talabijin. In na wuce sai wani ya tambaya ko ya shanya wandonsa yau. Mai shara yana da lokacin ɗaga kai, na yi amfani da shi.

Da sassafe muna tsayawa a wani kafe mai talabijin. Ba na karatu, amma taswira ba ta buƙatar karatu. Manuwel ya nuna mini wani layi shuɗi mai haƙora, yana tahowa daga teku. Ya ce wannan bakin iskar sanyi ne. Ya shimfiɗa tafin hannu ɗaya a kan tebur, ya cusa ɗayan a ƙarƙashinsa. Iskar sanyi tana da nauyi, tana shiga ƙarƙashin mai zafi ta ɗaga ta sama. In mai zafin ta sha ruwa ta ƙoshi, a can sama take fashewa. Sai ya faɗi abin da ya fi komai. Mugun hadari ba ya jiran layin. Yakan riga shi da rabin yini, wani lokaci fiye. In an ce layi zai iso da asuba, ka ji tsoron la'asar ɗin yau.

Sauran na tsince su da kaina, ɗaya bayan ɗaya. In ka hau da safe ka dafa kwano ka ji shi da ɗumi, ba raɓa, gari bai huce ba ke nan. In layin farin hayaƙin jirgin sama ya ƙi gogewa, ya yi ta faɗi, sama ta jiƙe. In gajimaren ƙasa suna tafiya arewa, na can sama suna tafiya gabas, iska biyu suna jayayya, kuma kai ne a tsakiya. Babbar alama kuwa ƙanana ce. Da hantsi za ka ga wasu 'yan gajimare a jere, gindinsu a miƙe, kowanne da ɗan tsini a kansa, kamar zankaye a kan soro. Ba sa daɗewa. Kafin ƙarfe goma sun watse, sama ta yi shuɗi kamar ba abin da ya faru. Wanda ya makara bai gan su ba. Ni in na gan su, ranar ba na cire ko ƙusa ɗaya. Sai da yamma za ka ga amsarsu, wani farin dutse yana tasowa, kansa ya baje kamar uwar maƙera. In gindinsa ya yi kore-kore, ƙanƙara ce.

Kada ku ce na raina masu meteyo. Suna ganin abin da ba na gani, tun yana cikin teku. Su suke gaya mini akwai baƙo a hanya. Amma ba su san gidan da na buɗe ba, kuma ba su za su sauka ɗakin tsohuwa ba.

Bayan shekara Manuwel ya ajiye mini ƙarfen dalma a kan akwatina. Da ya tsufa ya koma ƙasarsu, na taho Lyon. A nan yawanci ba kwano ba ne, tuwil ne, jajayen farantan yumɓu da ake jerawa. Sama ma daban take. Kogi ya yi wa iska hanya, takan biyo shi daga kudu da zafi, kwana biyu, kwana uku. A Villeurbanne hancina yake fara sani. In na ji warin masana'antun Saint-Fons, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da man fenti, iskar kudu ta tashi. Tana tara zafi da laima ne, tana jiran layi mai haƙora.

Wani tsohon gida mai hawa uku, nan bayan layin tiram, jirgin cikin gari, watan Yuni. Lokacin na haura hamsin, ni ne babba a cikin ma'aikata huɗu. A hawan ƙarshe akwai Tsoho Amar, ɗan Aljeriya, wanda ya ƙarar da huhunsa a Saint-Fons. Yana kwance, na'urar numfashi a gefen gado, a jone da lantarki. 'Yarsa ta gaya mana likita ya ce kada a motsa shi. Tsakanin gadonsa da tuwil ba komai sai silin da katako.

Mai kula da aikin yaro ne ɗan Maradi, Laminu, injiniya, watansa biyar da fara aiki. Mai ladabi ne. In ya zo sai ya cire hular kwano ya gaishe ni, ya tambayi gida da gajiya. Amma shi ne shugabana, takarda ta ce haka. Shirinsa mai kyau ne. Mu kwashe tuwil na gefe guda da safe, motar ɗaga kaya ta hau da sababbin katakai, kafin ƙarfe shida na yamma mun shimfiɗa ledar da ke tare ruwa. Motar ranar kaɗai aka ba mu ita.

Na riga kowa hawa. Kwana uku ke nan ina jin warin Saint-Fons. Tuwil da ɗumi. A kan tsaunukan yamma ga zankayena a jere, ƙanana, farare, kyawawa. Na zauna ina kallonsu har suka watse. Sannan Laminu ya iso, mota tana biye da shi.

Na ce masa yau ba za a buɗe ba. Ya ɗauka wasa nake. Ya fito da salula ya nuna mini taswira, ya ce layin yana can bakin teku, sai tsakar dare zai iso, muna da yini cur. Na ce na ga layin, ba shi nake tsoro ba, 'yan gabansa nake tsoro. Ya ɗaga hannu ya nuna sama, ba ko ɗigon gajimare.

“Baba Haruna, don Allah. Wannan ba gonar gero ba ce.”

“Da gonar gero ce da na buɗe. Gero yana son ruwa.”

Ma'aikata suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya. Ya ce in mota ta koma ba aiki, maigidan kamfani zai tambayi wanda ya hana, kuma shi ba zai yi ƙarya ba. Ya ce akwai matasa da yawa masu neman wurina, kuma mai shekaruna in ya sauka daga rufi ba ya sake hawa. Gaskiya ya faɗa. Na sani tun kafin ya faɗa.

Na ce masa yana da iko ya sa sauran su buɗe. Na kwance ɗamarar kayan aikina na ajiye a gabansa. Na ce amma kafin nan ya sauka ya ga inda gadon Tsoho Amar yake, ya ga wayar lantarkin, ya dawo. Ya sauka. Ya ɗan jima. Da ya dawo bai dube ni ba. Ya je ya sallami mai mota.

Daga nan sai jira. Ba abin da ya kai wannan wuya a sana'ar. Muka gyara magudanar ruwa, muka ɗaure duk abin da iska za ta iya ɗauka, aikin awa biyu. Sauran yinin muna zaune a inuwar bango. Ƙarfe sha biyu, shuɗi. Ƙarfe biyu, shuɗi. Garin ya yi lamo cikin zafi, jajayen rufi suna rawa a ido, tiram yana wucewa a hankali kamar a cikin ruwa. Salular Laminu ta yi ta ƙara, maigidan kamfani ke kira. Sau biyu ya ɗauka, na ji yana cewa shi ya yanke shawarar. Bai ambaci sunana ba. Na uku bai ɗauka ba.

Ƙarfe uku ɗaya daga cikin ma'aikata ya ce da yanzu mun kusa gamawa. Ni kaina na fara lissafin inda zan nemi aikin gadi. Zankaye ba alkawari ba ne. Na sha ganinsu hadarin ya fashe a wani gari, mu ko ɗigo.

Wajen ƙarfe huɗu warin Saint-Fons ya ɗauke. Iska ta tsaya cak. Laminu ya duba salula, ya ce ba ta nuna komai ba tukuna, ya cusa ta a aljihu. Ya miƙe, ya hau can ƙololuwar rufi, ya sa hannu a goshi yana duba sama da idonsa. Na bi shi da kallo. Gabas yake duba, wajen manyan duwatsu masu ƙanƙara. Yaron da ya yi shekara biyar yana karatu a nan, wanda ya san layin da iskar da sunayensu duka da Faransanci. Da ya ajiye salula, sai idon Maradi ya dawo masa.

“Baba, wallahi ba komai. Tas yake.”

Na hau na same shi. Na kama kafaɗunsa biyu na juya shi.

Hadarin yana can a kan tsaunukan yamma, ya riga ya cinye rabin sama. Kansa fari, a baje, rana tana haska gefensa kamar azurfa. Gindinsa kore. Ba ƙara, ba walƙiya tukuna, yana tahowa ne kawai, shiru. Laminu ya daɗe yana kallo. Sannan a hankali ya ce kakarsa takan ce na yamma ya wuce. Na ce masa ubana ma haka, kuma ba su yi ƙarya ba, ba su zo nan ba ne.

Sanyin ya taɓa mu a fuska. Na ce kowa ya sauka.

Muna cikin matakala ƙanƙara ta fara, kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Ta fasa gilashin motoci a titi, ta kakkarya rassan itatuwa, ruwa ya cika hanya har tiram ya tsaya. Salular Laminu ta yi ƙara a aljihunsa, gargaɗin hadari ne ya iso. Tsohon rufin nan da muka zo cirewa ya rasa tuwil bakwai. Sauran suka riƙe.

Da ta lafa na hau na toshe guraben, na sauko na ƙwanƙwasa ƙofar hawan ƙarshe. 'Yar ta buɗe, ta sa yatsa a baki. Na leƙa. Na duba silin kusurwa huɗu, a bushe. Na'urar tana ta numfashinta. Tsoho Amar ya buɗe ido, ya ga rigata tana ɗiga, ya tambaya ko ruwa aka yi.

Na ce masa an ɗan yi yayyafi. Ya koma barcinsa.

A ƙasa na tarar da Laminu riƙe da ɗamarar kayan aikina, ya goge mata ruwa da hannun rigarsa. Ya miƙo mini, ya tambaya ko gobe za a buɗe. Na ce layin zai wuce cikin dare, gobe iska za ta juyo daga arewa, sama za ta wanku. Na ce ya nemo mota.

Yanzu gwiwa ta hana ni hawa. Amma har yau in na fito da safe gabas nake fara dubawa, wuyana ne yake yi ba da shawarata ba. Nakan bar shi ya gama. Duban gida ne, wataƙila can ana shuka. Sannan in juya in duba inda ruwan yake.